Sanda a Filin Lacca: Tarihin Bangar Siyasa Tun Daga Zamanin NEPU da NPC

Kafin rediyo ta shiga kowane gida, kafin a san talabijin balle wayar hannu, siyasar ƙasar Hausa a filin lacca ake yin ta. Da la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, sai a fito da tebur a ajiye a bakin kasuwa ko a wani fili na bayan gari. A kafa tuta, a ɗaura lasifika in akwai, in babu mai magana ya dogara da maƙogwaronsa. Tela ya rufe kekensa ya taho, mahauci ya wanke hannu, ɗan koli ya naɗe tabarma, manomin da ya kawo gyaɗa kanti ya tsaya can baya riƙe da igiyar jakinsa. Mai lacca ya hau tebur ya ce "Sawaba!" jama'a su amsa. In na ɗaya ɓangaren ne ya ce "Salama!" Daga nan sai a shiga bayani: haraji, jangali, aikin tilas, farashin gyaɗa, mulkin kai. Galibin masu sauraro ba su yi boko ba, jarida ba ta kai gare su. Wannan tebur shi ne jaridarsu, shi ne majalisarsu.

Saboda haka tun ranar da siyasar jam'iyyu ta soma a Arewa aka sa wa teburin nan ido. Duk wanda ya iya kifar da shi ya rufe kunnen gari guda. Tarihin yadda aka riƙa kifar da shi, da waɗanda suka riƙa biyan kuɗin aikin, da inda abin ya kai ƙasar, shi ne asalin abin da muke kira bangar siyasa a yau.

A ranar 8 ga Agusta 1950 wasu matasa takwas suka haɗu a Kano suka kafa NEPU, wadda jama'a suka sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Daga cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Maru a lokacin. Bai daɗe ba ya ajiye aiki ya dawo gida, a 1953 ya zama shugaban jam'iyyar. A ɗaya gefen kuma, Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta faro a matsayin ƙungiyar al'adu, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a watan Oktoba 1951. Alamar NEPU tauraro, alamar NPC fartanya. NEPU ta tara teloli da mahauta da 'yan tireda da ƙananan malamai, tana cewa talaka ya daina faɗuwa ƙasa don wani, ya daina noma gandun hakimi kyauta. NPC ta tara sarakuna da hakimai da ma'aikatan En'e da manyan attajirai, tana cewa a bi sannu, a riƙe sarauta da addini, kada Kudu ta haɗiye Arewa.

Kowanne yana da hujjar da za a saurara. Sai dai filin da aka shata musu ba daidai yake ba. A wancan zamani 'yan doka na En'e ne, kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari na En'e ne, takardar izinin yin taro, wato famit, ita ma daga En'e take fitowa. Manyan En'e kuwa su ne manyan NPC. A zaɓen 1951, wanda aka yi shi hawa-hawa, 'yan NEPU sun taka rawar gani a matakin farko cikin birnin Kano, amma dokar zaɓen ta ba En'e damar cusa nata mutane a matakin ƙarshe. Da aka gama tankaɗe da rairaya, ko ɗan NEPU ɗaya bai shiga majalisar Kaduna ba. Duk da haka masu mulki sun ga abin da ya tayar musu da hankali: talaka yana zuwa lacca, kuma yana komawa gida da abin da ya ji.

Ihun Ikko da jinin Kano

Abin da ya fara nuna wa kowa cewa ana iya shirya taro don a wulaƙanta abokin hamayya a Ikko ya faru. Ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a ce sai lokacin da ya dace, domin Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin zamani da za su riƙe ta. 'Yan AG da NCNC suka fice daga zauren. Da wakilan Arewa suka fito, cincirindon jama'a suka tare su da ihu da zagi, ana kiran su bayin Turawa. Haka aka bi su da eho har tashar jirgin ƙasa, har ma a wasu tashoshi na kan hanya. Dattawa masu rawani, waɗanda a garuruwansu ba a ɗaga musu murya, suka iso gida da ciwon da bai warke ba shekara da shekaru.

Bayan makonni shida AG ta shirya rangadin Arewa don tallata batun 1956, ƙarƙashin Cif Samuel Ladoke Akintola. Aka tsara lacca a otal ɗin Kolonial da ke Sabon Garin Kano ranar Asabar 16 ga Mayu. Tun kafin ranar magoya bayan NPC suka yi jerin gwano na nuna ƙin zuwan baƙin. Rahoton da gwamnatin Arewa ta fitar daga baya ya kawo jawabin da sakataren NPC na Kano, Malam Inuwa Wada, ya yi wa shugabannin ma'aikatan En'e, inda ya ce waɗanda suka zage su a Kudu sun biyo su har gida, kuma an tanadi mutum kamar dubu da za su tari ƙarfi da ƙarfi. Da safiyar Asabar aka janye famit. Lacca ba ta yiwu ba, amma waɗanda aka tara don hana ta sun riga sun fito, kuma ba wanda ya iya mayar da su. Aka fara da jifa a ƙofar otal, kafin dare abin ya zama faɗa da adduna da gorori da kwari da baka tsakanin Fagge da Sabon Gari. Kwana huɗu ana yi, har aka kafa dokar ta-ɓaci aka kawo soja. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni.

Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne waɗanda suka mutu. Akintola ya koma gida lafiya. Gardamar da AG ake yin ta, jam'iyyar da ƙarfinta ke ƙasar Yarabawa, amma faɗan ya fi ƙamari tsakanin Hausawa da Inyamurai. 'Yan kasuwa da leburori da masu sana'a, waɗanda ba su je Ikko ba, ba su yi wa kowa ihu ba, su suka biya bashin. A London kuwa tarzomar ta sa Sakataren Mulkin Mallaka, Oliver Lyttelton, ya kira taron tsarin mulki, wanda ya haifar da tsarin tarayya na 1954. Laccar da aka hana ta sauya fasalin ƙasa.

'Yan Mahaukata

A cikin wannan shekara ta 1953 aka fara jin sunan wata ƙungiya a Kano, Jam'iyyar Mahaukata. Sunan kansa saƙo ne. Mahaukaci ba a yi masa shari'a, ba a tambayarsa dalili, kuma mai hankali ba ya tsayawa gardama da shi. Ƙarti ne majiya ƙarfi, irin waɗanda gari ya riga ya sani a fagen tauri da farauta da faɗan unguwa. Aikinsu su bi 'yan NEPU a filin lacca, a kan hanya, har cikin gidajensu. 'Yan NEPU sun yi ta kukan cewa wasu manyan En'e ne ke ɗaure musu gindi, hujjarsu kuwa ita ce ba kasafai ake ganin ɗan Mahaukata a gaban alƙali ba. Da duka ya yi yawa NEPU ma ta kafa nata rukunin masu kare lacca, wanda aka sani da PAW, ga kuma Rundunar Samarin Sawaba. Daga wannan zamani kalmar banga ta zauna a bakin Bahaushe. Asalinta sunan da jam'iyyu ke ba matasansu masu shiga gaba ne, ta koma tana nufin mai riƙe wa ɗan siyasa makami.

Hana lacca yana da matakai, kuma waɗanda suka yi siyasar wancan lokaci sun san su kamar yunwar cikinsu. Da farko a nemi famit. Sai a ce hakimi ba ya nan, ko a ce a dawo jibi, ko a ba da izini a wani fili mai nisa da gari a ranar da ba ta kasuwa ba. In an dage an samu, sai mataki na biyu. Mai lacca yana cikin magana, makaɗa su ɓullo daga wani lungu da kalangu, maroƙa na wasa wani babba, har muryar mai magana ta nutse. Wasu su shiga tsakiyar taro su zauna kamar masu sauraro. Can sai ɗaya ya jefa baƙar magana, wani ya mayar, a ture wani, dutse ya faɗo daga baya. Kafin a ankara tebur ya kife, kowa ya yi ta kansa, takalma da huluna sun cika fili. Sai mataki na uku: 'yan doka su iso da kulki, su kama wanda ya hau tebur da waɗanda suka ɗauko shi. Washegari a gurfanar da su bisa laifin ta da hankalin jama'a, ko zagin sarki, ko taro ba izini. Lauya ba ya shiga kotun alƙali. Hukunci bulala ne, ko tara, ko wata uku, ko wata shida.

Wannan mataki na uku shi ne ƙashin bayan abin. Ɗan banga shi kaɗai ɗan iska ne da gora, gari na iya taruwa ya kore shi. Ƙarfinsa yana zuwa ne daga sanin cewa in an je gaban hukuma wanda aka fasa wa kai shi zai kwana a ɗaure. Kuma mai laccar da aka kama ya riga ya sayar da ransa, gobe in ya fito zai sake hawa tebur. Wanda ake so a karya shi ne manomin nan mai jaki da ya tsaya a baya. Shi ne zai koma ƙauye ya ba da labarin abin da idonsa ya gani, ya tuna cewa dagacin da ke yanka masa haraji ya san fuskarsa, ya ce wa 'ya'yansa kada ya ƙara jin sun je wurin 'yan Sawaba.

Ba a bar mata ba. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga NEPU a Zariya tana 'yar shekara 17, ta zama shugabar mata. A Kano aka gurfanar da ita da ɗimbin matan da ta tara bisa laifin taro ba izini, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga ƙasar Kano. An lissafa ɗaurinta har sau 16. Ta sha duka a hannun 'yan banga, har akwai lokacin da ƙarti suka yi mata lilis suka yar da ita a daji suna zaton ta mutu. Duk wannan a kan macen da ko ƙuri'a ba ta da ita, domin matan Arewa ba su sami damar zaɓe ba sai 1976. Maganarta ake tsoro. Haka kuma a 1958 gwamnatin Arewa ta yi dokar da ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa. A takarda dokar ta shafi kowa, amma 'yan NEPU, waɗanda yara ke rera waƙoƙinsu a lunguna, su suka fi ɗanɗana ta.

Gaskiya ba ta cika sai an faɗi ɗaya ɓangaren. Bakin 'yan adawa ma ba ya da linzami. An yi wa sarakuna da hakimai zambo da habaici masu zafi a lacca da waƙa, kamar yadda su ma aka riƙa kiran su kafirai da marasa asali saboda ƙawancensu da NCNC. Inda 'yan adawa suka fi yawa kuma, su ma sun kifar da teburin wasu. A ƙasar Tibi, inda UMBC ta Joseph Tarka ke da rinjaye, an ƙona gidajen magoya bayan NPC da na masu riƙe da sarauta a 1960, aka sake yin wanda ya fi shi muni a 1964. A Barno kuwa abin ya faɗa kan Ibrahim Imam, tsohon babban sakataren NPC da ya koma adawa. Rikicin 1958 ya sa zaman Maiduguri ya gagare shi, har sai daga ƙasar Tibi aka zaɓe shi zuwa majalisar Kaduna a 1961. Kowa ya samu sarari ya yi, domin kowa ya koyi cewa haka ake yi.

A zaɓen tarayya na Disamba 1959 NPC ta ci kujeru 134, NEPU ta ci 8, ciki har da ta Malam Aminu Kano. A zaɓen majalisar Arewa na 1961 NPC ta kwashe 160 cikin 170, NEPU ta tsira da ɗaya. Ba wanda zai ce tsoro kaɗai ya kawo wannan, domin Sardauna yana da masoya na haƙiƙa, kuma gwamnatinsa ta yi ayyukan da ake gani har yau. Illar ita ce ba wanda zai iya rarrabe ƙuri'ar ƙauna da ƙuri'ar tsoro, har su waɗanda suka ci zaɓen. Wanda ya hana a yi masa gardama ya toshe wa kansa hanyar sanin abin da ke cikin zuciyar jama'arsa.

Daga fili zuwa zauren majalisa

Abin da aka saba yi a bakin kasuwa bai tsaya can ba. Ranar 25 ga Mayu 1962 majalisar Jihar Yamma ta zauna a Badun. Jam'iyyar AG ta rabu biyu tsakanin Cif Obafemi Awolowo da Firimiya Akintola, an sauke Akintola an naɗa Alhaji Dauda Adegbenro, ana so majalisa ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da shi. Masu goyon bayan Adegbenro sun fi yawa, kowa ya san yadda ƙuri'ar za ta kaya. Ana fara gabatar da ƙuduri sai wani ɗan majalisa na ɓangaren Akintola ya yi tsalle ya haye tebur yana ihu, ya ɗauki kujera ya wurga. Wani ya fizgi sandar majalisa ya kai wa kakaki duka, ya kuskure, sandar ta daki tebur ta karye. Aka fasa wa wani minista kai. 'Yan sanda suka shigo suka harba barkonon tsohuwa, manyan mutane da manyan riguna suna fita ta taga. Bayan 'yan sa'o'i aka sake zama, aka sake tayar da yamutsi, aka sake harba hayaƙi, aka kulle zauren.

Ba a kaɗa ƙuri'ar ba, abin da ake nema ke nan. Bayan kwana huɗu gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Da wa'adin ya ƙare Akintola ya koma kujerarsa. Mutumin da aka hana shi lacca a Kano a 1953, shi ne bayan shekara tara magoya bayansa suka hana majalisa magana. Dukan 'yan siyasar ƙasar suka ga darasin da idonsu: in ba ka da rinjaye, ka hana a ƙirga.

Daga nan gangara ce. A zaɓen tarayya na 30 ga Disamba 1964 'yan adawa sun koka cewa an hana su lacca a wurare da dama, an kama 'yan takararsu, wasu an hana su ko miƙa takarda, har gomman 'yan NPC suka wuce ba hamayya. Ƙawancen 'yan adawa na UPGA ya ce a ƙaurace wa zaɓen. Malam Aminu ya rasa kujerarsa. A Oktoba 1965 aka yi zaɓen Jihar Yamma cikin maguɗi a fili, jama'ar da ta ga ba ta da bakin magana ta ɗauki fetur da ashana. Aka riƙa ƙona gidaje da motoci da mutane, abin da aka kira wetie. Ranar 15 ga Janairu 1966 wasu hafsoshin soja suka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da wasu manya. Cikin watanni aka haramta jam'iyyu duka. Mai fartanya da mai tauraro suka wayi gari ba mai famit, shekara 12 ba a sake hawa tebur ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai wannan ruwan ya doki ƙasa gaba ɗaya.

Gadon da aka bari

Gwamnatocin soja sun karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Wannan ya cire ƙafa ɗaya daga cikin ƙafafun da abin ya tsaya a kai, amma sana'ar ta riga ta kafu. Da siyasa ta dawo a 1978 kowace jam'iyya ta zo da 'yan bangarta, NPN da PRP, sannan santsi da taɓo bayan PRP ta dare. Ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, gungun mutane suka bazu a gari suna ƙone-ƙone. A cikin wuraren da aka nufa akwai gidan Rediyon Kano da kamfanin jaridar Triumph da majalisar dokoki. Aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, malamin jami'a wanda aka san shi da alƙalami da murya a rediyo. A duba jerin nan da kyau: rediyo, jarida, majalisa, malami. Duk wuraren magana ne.

A jamhuriyar da muke ciki sunaye sun yawaita: kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, ekomog a Barno, 'yan daba da 'yan jagaliya a Kano. Gora ta koma adda da bindiga, an ƙara da ƙwaya. Ranar 18 ga Afrilu 2018 wasu ƙarti suka kutsa zauren Majalisar Dattawa a Abuja ana tsakiyar zama suka fice da sandar majalisa. Yaron da aka ba naira 'yan dubbai ya tarwatsa taro, in zaɓe ya wuce ba ya mayar da makamin. Yana juyawa da shi cikin unguwa, kan mai shago da mai waya da amaryar da ake rakiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: shi ke mutuwa ko ya ƙare a gidan yari, wanda ya aike shi kuma 'ya'yansa na karatu a wata ƙasa.

Kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta, in ji masu iya magana, amma a tarihin nan ba a ga wanda ya iya kwance tasa ba. Waɗanda suka tara mutum dubu a 1953 ba su iya mayar da su gida ba. Waɗanda suka karya sanda a Badun ba su sake samun majalisar da jama'a ta yarda da ita ba. Abin da dattawan Sawaba suka sha bulala a kansa, kuma abin da 'yan Salama na kirki suka rasa ranar da soja ya rufe bakin kowa, abu ɗaya ne: mutum ya hau tebur ya faɗi tasa, wani ya hau ya mayar masa, mai jaki ya saurari duka biyun har magariba, ya ja jakinsa ya tafi gida ya yi shawara da zuciyarsa. Duk jam'iyyar da ta hana shi wannan, ko da tamu ce, ta cuce mu.